Wa Ya Busa? Daga Faya-fayan Jaz Zuwa Sarewar Fadamar Miga

A shekarar 1981 wani Ba'amurke baƙar fata mai shekara sittin a duniya ya sauka a Samaru ta Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ɗauke shi aiki a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, kuma ya zauna har 1985. Sunansa Yusef Lateef. Wanda ya gan shi da hularsa da gemunsa yana tafe a natse zai ɗauka wani malamin tsangayar ilimi ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, don tun 1975 mutumin yake da digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts. Sai dai a New York da Landan da Tokyo da saksofon aka san shi, ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasasshen wuya. Kafin ya taka ƙasar Zazzau, masu tara faya-fayan jaz sun fi shekara ashirin suna farautar duk abin da ya busa.

Babban abin da ya sa a gaba a Zariya shi ne sarewar Fulani. Mutumin da ya yi busa da Dizzy Gillespie a 1949, ya zauna a ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964, shi ne ya zo ya durƙusa yana nazarin abin da yaro makiyayi ke busawa a bayan shanu. Zamansa ya bar faya-fayai biyu. Akwai Hikima na 1983, wanda ya yi da makaɗa da mawaƙan cibiyar, aka buga kaɗan, ya zama abin nema ruwa a jallo a wurin masu tari har sai da aka sake buga shi a 2019. Akwai kuma In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983 ya fito a Amurka a 1985, har ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗensa ya ci sunan dandalin wasan kwaikwayo na Samaru, Drama Village. Da shi da Ziky Kofoworola kuma suka rubuta littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda ya fito a 1987.

An haife shi a Chattanooga a 1920 da sunan William Huddleston, ya tashi a Detroit. Wajen 1950 ya koma Yusef Lateef bayan ya musulunta ta hannun 'yan Ahmadiyya, kamar makaɗan jaz da dama na zamaninsa. Art Blakey mai ganguna ya zama Abdullah Ibn Buhaina, ga Ahmad Jamal mai fiyano, ga Sahib Shihab, shi ma mai saksofon. Gab da zuwansa Nijeriya Lateef ya daina wasa a duk inda ake sayar da giya, wanda a sana'ar da kusan dukkanta ta dogara da gidajen rawa na dare ba ƙaramin yanke wa kai abinci ba ne. Ya koma gida ya ci gaba da koyarwa, faifansa na 1987 ya ci lambar Grammy, ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93.

Ba shi ne farkon igiyar da ta haɗa jaz da ƙasar nan ba. A 1954 Sonny Rollins ya tsara kiɗan da ya kira Airegin, wato sunan Nijeriya a rubutun Turanci idan an karanta daga baya, suka ɗauke shi da Miles Davis. A 1960 Louis Armstrong ya zo rangadi, kuma har yau akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. A watan Disamba na 1961 Randy Weston ya zo Legas da mai saksofon Booker Ervin. Armstrong da Weston ziyara suka kawo. Lateef zama ya yi.

Abin da ke bayan kwali

Wanda yake son ya gane abin da masu tara jaz ke nema, ya ɗauki faifan Lateef mai suna Eastern Sounds ya juya kwalinsa. An ɗauke shi ranar 5 ga Satumba, 1961, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey. Barry Harris ne a fiyano, Ernie Farrow a bes, Lex Humphries a ganguna. A kiɗan farko Lateef bai taɓa saksofon ba, wata 'yar tukunyar yumɓu ta Sin mai 'yan ƙofofi ya busa, muryarta ƙasa-ƙasa, numfashinsa na fita tare da ita. A wani kiɗan kuma obo ya ɗauka, algaitar Turawa. Duk wannan a rubuce yake, an adana, kuma yau bayan shekara sittin da wani abu ɗalibi a Dutse zai iya gano wanda ya kaɗa ganga a ranar ba tare da ya tambayi kowa ba.

Wannan ɗabi'a ta rubuta suna da rana da wuri ba kamfanoni ne suka fara ta ba. Faya-fayan garmaho na farko sau da yawa sunan shugaban ƙungiya kawai suke ɗauke da shi. Masu saurare ne suka damu. A 1936 wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya fitar da Hot Discography, jerin faya-fayai da sunayen waɗanda suka yi kiɗa a kowanne, bayan ya bi makaɗa da tambaya ya kuma bi lambobin da aka zana a jikin faifai. Bature ɗan Ingila Brian Rust ya faɗaɗa aikin a 1961. Daga nan ya zama ilimi mai zaman kansa. Idan an ɗauki kiɗa guda sau uku a rana ɗaya, kowace ɗauka da lambarta, domin mai saksofon ba ya maimaita busa. A ɗauka ta biyu abin da zai faɗa daban ne da ta farko. Duk wanda ya san cewa Bakandamiyar Shata ba guda ɗaya ba ce, wata ta fi wata tsawo, wata tana da baitocin da babu su a wata, ya riga ya fahimci dalilin wannan ƙwaƙƙwafi.

Wasu sun kai abin maƙura. Dean Benedetti, shi ma mai busa saksofon ne, ya ji Charlie Parker ya ajiye nasa buri ya koma bin sa. A 1947 a Los Angeles da 1948 a New York yakan shiga gidan rawa da na'urar ɗaukar sauti, ya kunna da zarar Parker ya sa ƙaho a baki, ya kashe da zarar ya sauke, don faifai da zare suna da tsada kuma shi busar mutum ɗaya ya zo nema. Ya mutu a 1957 a Italiya, kayan suka zauna a hannun danginsa, sai a 1990 kamfanin Mosaic ya fitar da su. Wani injiniya, Bill Savory, ya yi ta naɗar wasannin da ake watsawa kai tsaye a rediyo a ƙarshen shekarun 1930, ya tara faya-fayai kusan dubu, waɗanda gidan tarihin jaz na Harlem ya karɓa a 2010. A cikinsu aka ji Coleman Hawkins yana busa Body and Soul kusan ninki biyu na wanda duniya ta sani, saboda na 1939 ɗin faifan garmaho ne ya yanke masa hanzari a minti uku. Wanda zai fi jan hankalin mai sauraren gajeren zango kuwa shi ne na Muryar Amurka. Ita ta naɗi wasan Thelonious Monk da John Coltrane a zauren Carnegie ranar 29 ga Nuwamba, 1957, aka ajiye zaren ba a watsa ba, sai a 2005 wani ma'aikacin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, Larry Appelbaum, ya ci karo da shi yana cikin aikinsa na yau da kullum.

Akwai ɓangaren harkar da ni bai burge ni ba, kuma shi ya fi amo. Masu kuɗi suna bin bugun farko na kamfanin Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a 1939. Suna duba adireshin da ke kan tambarin, suna karkata faifan ga fitila su ga ko akwai haruffan RVG na Van Gelder a kusa da tsakiya, da wata 'yar alama mai kama da kunne ta masana'antar da ta buga shi. Faifan Hank Mobley mai lamba 1568 an sha sayar da shi sama da dala dubu biyar. Wanda ya biya wannan kuɗi sau da yawa tsoron ɗora masa allura yake yi, alhali busar Mobley ɗin tana nan a intanet ga mai data. Japanawa sun fi kama hanya. Suna da gidajen shan gahawa da aka buɗe don sauraren jaz kawai, mai gida ya ɗora faifai, baƙi su yi shiru har ya ƙare gefe guda.

Kunnen da ya saba da algaita

Mutane da yawa a nan idan aka kunna masu jaz sai su ce hayaniya ce, babu waƙa, babu amshi. Ni kuwa ina ganin mutumin da ya tashi yana jin busar fada a Haɗeja ko Dutse ya fi Bature ɗan Landan kusa da wannan kiɗa, in dai an fara masa ta inda ya dace. Saksofon, wanda Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi wa rajista a 1846, jikinsa ne kawai ƙarfe. Abin da ke ba shi murya siririn harshen kara ne guda ɗaya da ake ɗaurewa a bakinsa. Ita algaita harshenta biyu ne a manne. Tsaya kusa da mai algaita ranar hawan Salla ka duba. Yakan jiƙa karan da yawu tukuna, ya tura shi gaba ɗaya cikin baki har leɓɓansa su tokare da ɗan farantin da ke wuyanta, kumatunsa su cika tim, jijiyar wuyansa ta miƙe. Yana busa da iskar da ya tara a kumatu yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da tawaga ta yi tafiya mai nisa. Wannan dabara da ɗan gidan busa ke koya tun yana ƙarami, a jaz sai ɗaiɗaiku irin su Harry Carney na ƙungiyar Duke Ellington da Rahsaan Roland Kirk suka yi suna da ita, jama'a na tafa masu.

To, irin wannan kunne a fara masa da Coltrane a ƙaramin saksofon miƙaƙƙe da ake kira soprano, a My Favorite Things da aka ɗauka a 1960, ko India da ya busa a Village Vanguard a 1961. Muryar siririya ce mai fita ta hanci, tana kewaya sauti ɗaya tana tafiya tana dawowa, ganguna na rugugi a ƙarƙashi. Ba a buƙatar tafinta. Daga nan sai a gangara zuwa babban, wato teno. Hawkins murya ce mai kauri, yana taɓa asalin karin waƙar kaɗan ya bar shi ya gina nasa. Lester Young akasinsa ne, mai sanyi, yana jan ƙafa a bayan ganga kamar ba ya sauri, kuma an san shi da ra'ayin cewa mai busa ya kamata ya san kalmomin waƙar da yake busawa. Mai algaita ba zai yi mamakin wannan ba, tunda shi ma take yake busawa, kuma 'yan fada suna jin kirarin a cikin sautin ko ba a furta shi ba. A Love Supreme, wanda Coltrane ya ɗauka ranar 9 ga Disamba, 1964, ɓangarensa na ƙarshe haka yake: addu'ar da ya rubuta ce yake bi gaɓa-gaɓa da ƙaho.

Fadama

Miga ƙaramar hukuma ce a masarautar Dutse, tana kwance a kwarin kogin Haɗeja, a hanyar ruwan da ke gangarowa daga Kano ta Ringim da Taura ya nufi Auyo da Haɗeja, har dausayin Haɗeja da Nguru. Ƙasar shinkafa ce da alkama da kamun kifi. Idan ruwa ya janye da rani fadama ta yi kore, Fulani sukan gangaro da shanu, kuma tare da su sarewar nan da ta ɗauko Lateef daga Amurka take zuwa. Kara ne ko gora, yanzu har da bututun roba, an huda masa 'yan ƙofofi, ana karkata shi a gefen baki. Wasu masu busa ta sukan haɗa da gurnanin maƙogwaro, sai ka ji murya biyu daga mutum ɗaya. Lateef yana cikin na farko-farko da suka shigo da irin wannan gurnani a sarewar jaz tun shekarun 1950, kuma ana rubuta masa shi a littattafai a matsayin sabon salo.

A nan ne bambancin yake ciwo. Yankin Haɗeja ya fitar da Haruna Uji, kuma duk mai sauraren rediyo ya san gurminsa da muryarsa. Mawaƙi yana da hanyar tsare sunansa: yana faɗarsa a cikin waƙa, yana ambaton garinsu da iyayen gidansa, wani lokaci har ya yaba wa mai kalangunsa ko ɗan amshinsa. Shi ya sa Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗanmaraya ba su ɓace ba. Mai busa bakinsa a cike yake. Ba shi da damar cewa ni ne wane ɗan wane. A fada yana da sarauta, ana ce masa Sarkin Busa ko Sarkin Kakaki, amma sarauta gado ce, wani ya tafi wani ya hau, kuma kaset ba ya faɗin wanne ne daga cikinsu. Idan aka sa algaita a buɗe wani shiri na rediyo, shekara da shekaru ana jin ta kullum, da wuya mai gabatarwa ya taɓa faɗin wanda ya busa. Mai sarewa ma ya fi shiga uku, don shi ko sarautar babu. Ga kuma tsohon kallon da ake yi wa makaɗa da maroƙa, wanda ya sa mai ilimi yake ganin bai dace ya zauna ya tambayi mabushi tarihinsa ba.

Ba a ce ba a yi komai ba. David Ames ya naɗi kiɗan Zazzau a 1963 da 1964, faya-fayansa suka fito a jerin UNESCO, kuma shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, ya nuna irin abin da za a iya tonowa idan an bi mutane da tambaya tun suna raye. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya naɗi makaɗa masu ɗimbin yawa, kuma yawancin abin da ke yawo a wayoyi yau daga irin waɗannan ɗakuna ya fito. Amma ƙarfin wannan aiki duk ya karkata ga waƙa, ga abin da za a iya rubutawa a takarda a yi masa sharhi a aji. Busa ba ta rubutuwa da baƙaƙe, sai ta zama 'yar rakiya.

Ruwa, gara, memori

Abin da ya rage a hannun jama'a kuma yana zaune a ƙasar da ba ta raga masa. Mutanen kwarin Haɗeja sun san ambaliya, ta 2001 da ta 2022 ba a manta su ba, kuma tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ga kachala da ta toshe hanyoyin ruwa, lissafin kogin ya rikice. Ranar da ruwa ya shigo gari cikin dare, magidanci yara zai ɗauka, da buhun hatsi, da awaki, da takardun gona. Babu mai hankalin da zai ce ya tsaya neman kwalin kaset ɗin mahaifinsa a ƙarƙashin gado. Ko ruwa bai shigo ba, danshin damina yana sa zaren kaset ya yi fumfuna ya manne, zafin bazara yana lanƙwasa faifan roba, faifan garmaho kuwa faɗuwa ɗaya ce ajalinsa. Gara tana cin kwalin, wato daidai wurin da aka rubuta ɗan bayanin da ke akwai.

Mutum zai ce ai waya ta magance wannan. Je ka shagon masu turi ranar kasuwa ka gani. Yaro ne a zaune gaban tsohuwar kwamfuta, wayoyi jere a kan katako suna caji, janareto na kuka a baya. Dattijo ya miƙa memori ya ce, “Yaro, sa mini na gargajiya.” Yaron ya ce, “Baba, na Shata ko gauraye?” Ya ce gauraye. Cikin minti biyu an zuba masa ɗaruruwa. Idan ka leƙa allon za ka ga sunayen: wani lamba ce kawai, wani an rubuta tsohuwar waƙa, wani an liƙa masa sunan Shata alhali muryar wani ce, wani kuma algaita, shi ke nan. An matse sautin sau da yawa don ya shiga ƙaramin wuri har ganga ta koma kamar ana buga kwano. Yaron bai yi laifi ba, shi ma haka ya samu. Hasali ma shi da ire-irensa su ne ke riƙe da taskar a yanzu, kuma ba don su ba da abubuwa da yawa sun tafi. Amma sautin ya tsira, bayaninsa bai tsira ba, kuma duk shekara masu iya cewa wannan busar wane ce ta gidan wane suna raguwa.

Kada a ɗauka manyan ma'ajiyu ba sa asara. A 2008 gobara ta cinye rumbun kamfanin Universal a Los Angeles, kuma sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa yawan zarurrukan asali da suka ƙone, har da na jaz. Wani zaman ɗaukar sauti da Coltrane ya yi ranar 6 ga Maris, 1963, zaren da ke hannun kamfanin ya daɗe da salwanta. Kwafin da ya tafi da shi gida ne ya tsira a hannun dangin matarsa ta farko, Naima, aka fitar da shi a 2018 da sunan Both Directions at Once. Saboda haka kwalin da ke ƙarƙashin gado a Miga ko Jahun ko Kafin Hausa ba abin rainawa ba ne, musamman kaset ɗin da wani ya naɗa da rikodarsa a wurin biki ko naɗin sarauta ko sharo, wanda babu irinsa a ko'ina. Kulawarsa ba ta da tsada. A ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da rana, faifai a jera shi a tsaye. Kaset ɗin da ya jiƙe kada a sa shi a rikoda sai ya bushe sarai a inuwa, don zaren zai tsinke ko ya goge. Idan za a juya shi zuwa kwamfuta a juya ba tare da matsewa ba, a ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a garin da ruwa ba ya ci. Sannan a kunna wa tsofaffin gida, da biro a hannu.

Saura magana ɗaya da masu tara jaz ba su cika son a tayar ba. Ranar 29 ga Yuli, 1946, Charlie Parker ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Los Angeles ba shi da lafiya, jikinsa na karkarwa saboda rashin ƙwayar da ya saba da ita, ya busa Lover Man da ƙyar. A daren aka kama shi, ya yi wata shida a asibitin Camarillo. Mai kamfanin Dial, Ross Russell, ya fitar da faifan, Parker kuma bai yafe masa ba. Ya mutu a 1955 yana da shekara 34 ba shi da komai, likitan da ya duba gawarsa ya ɗauka ya haura hamsin. Faifan yana cikin waɗanda masu tari ke ji da su har gobe. A wurinmu ma mai algaita abin da aka liƙa masa a fili shi ne nasa, bidiyonsa kuwa ya yi ta yawo a Facebook da TikTok a shafin wani, da tambarin wani. Makiyayin da aka tsaya aka ɗauki sarewarsa a bakin fadama yawanci ba a tambaye shi ba, balle a sallame shi, kuma akwai waɗanda in an tambaya za su ce ba sa so. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan naɗar wasansa da yaɗa shi, sai dai kafin a biya mutum ko a nemi izininsa dole a san ko wane ne, kuma a yawancin abin da ke cikin memorin dattijon nan babu ta inda za a fara.